Baƙo da Takardunsa: Abin da Mai Masauki da Matafiyi Ya Kamata Su Sani

Jawabin da aka gabatar wa wakilan ikilisiyoyin karkara na yankin Anka, Gummi da Bukkuyum

 

Maganar da aka ba ni in yi a yau ita ce maganar takardu: takardun da baƙo ɗan wata ƙasa yake bukata idan ya zo zama ko koyarwa a cikinmu, da takardun da ɗanmu yake bukata idan shi ne zai fita ya zama baƙo a ƙasar wasu. Wani zai ce wannan magana ta mutanen Abuja ce da Legas. To, bari mu fara daga gida mu gani.

Abin da ya faru a Dareta

A shekarar 2010 aka gano cewa gubar dalma ce take kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ana kawo duwatsun zinare cikin gida, ana daka su ana niƙa, ƙura tana sauka a ƙasan da yara suke rarrafe. Yara wajen 400 suka mutu. Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza da 'Yargalma duk abin ya shafe su, daga baya aka ga Bagega ma tana ciki.

Cikin waɗanda suka kawo ɗauki akwai baƙi da yawa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe wurin jinya a Anka. Masana daga wani kamfani mai suna TerraGraphics na ƙasar Amurka, tare da cibiyar Blacksmith, suka zo aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa. Dareta da 'Yargalma aka fara sharewa a 2010, Bagega kuma sai 2013. Waɗannan baƙi sun yi koyarwa sosai. Sun koya wa samarinmu yadda ake auna dalma a ƙasa da na'ura, da yadda ake kankare ƙasar tsakar gida a zuba sabuwa. Sun koya wa ma'aikatan lafiya yadda ake ba yara maganin fitar da gubar. A 2022 MSF ta miƙa aikin dalma ga hukumomin jiha.

Abin da ba mu gani da ido ba shi ne takardun da suke bayan wannan aiki. Ƙungiyar ƙetare ba ta aiki a Nijeriya sai ta yi rajista da Gwamnatin Tarayya. Likitan ƙetare ba ya duba maras lafiya sai majalisar likitoci ta ƙasa ta ba shi lasisi. Magani ba ya shigowa sai da izinin hukumar NAFDAC. Kowane ma'aikaci kuma yana da bizarsa da ranar ƙarewarta. Da ɗaya daga cikin waɗannan ya tsaya, da aikin ya yi jinkiri, yara kuwa ba sa jira. Saboda haka takarda ta shafi rai.

Darasi daga tarihi

Dattawan da suke nan za su tuna malaman ƙetare. Bayan da aka fara shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, malamai suka yi ƙaranci. Makarantun Arewa suka cika da malamai 'yan Gana, da Indiyawa, da 'yan Pakistan. Da yawa cikin likitocinmu da malamanmu na yau a hannunsu suka koyi lissafi da kimiyya.

A watan Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba duk baƙon da ba shi da takardun zama mako biyu ya bar ƙasar. Masu sana'ar hannu da masu ilimi aka ƙara masu lokaci zuwa ƙarshen Fabrairu. Mutane fiye da miliyan ɗaya suka fita, yawancinsu 'yan Gana. Jakar nan da muke kai kaya kasuwa da ita, daga nan ta samo sunanta. Wasu sun yi shekaru suna aiki lafiya ba wanda ya tambaye su komai, sai rana ɗaya aka tambaya.

Kafin wannan, a watan Nuwamban 1969, gwamnatin Kofi Busia ta Gana ta yi wa baƙi irin haka. Ta ba su kwana 14. Hausawa da Yarabawan da suka yi shekaru a zangunan Kumasi da Akara suka dawo, wasunsu sun bar gidaje da shaguna da gonakin koko.

Darasin ɗaya ne. Lokacin da ake zaman lafiya da wadata, ba a tambayar baƙo takarda. Ranar da tattalin arziki ya karye ko tsaro ya lalace, takarda ake fara tambaya. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Baƙi kashi huɗu ne a gaban doka

A wurinmu baƙo baƙo ne, a ba shi ruwa a shimfiɗa masa tabarma. A wurin Hukumar Shige da Fice kuwa akwai bambanci. Ya kamata mu san kashi huɗu.

Na ɗaya, 'yan ƙasashen ECOWAS. Yarjejeniyar 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Amma dole ya shigo ta kan iyakar da aka amince da ita, da fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, a buga masa hatimi. Idan zai wuce kwana 90, ko zai kama aiki, sai ya nemi katin zama a Hukumar Shige da Fice. Mutane da yawa sun san rabin farko na wannan doka, ba su san rabin ƙarshe ba. Malami ɗan Gana, ko Togo, ko Benin da yake koyarwa a makarantarmu yana cikin wannan kashi.

Na biyu, maƙwabtanmu na Nijar, da Mali, da Burkina Faso. Ƙasashen uku sun fita daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025, ƙungiyar ta koma ƙasa 12. A ranar ECOWAS ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidarsu, a kuma bar su su yi zirga-zirga da zama kamar da, har sai an yi wata sanarwa. Ku lura da kalmar nan, har sai an yi wata sanarwa. Ɗan'uwanmu na Maradi ko Birnin Ƙonni da yake zaune cikinmu, harshe ɗaya, abinci ɗaya, kada wannan ya sa ya yi sakaci. Ya riƙe katin ƙasarsa, ya riƙa tambaya a ofis ko akwai canji.

Na uku, 'yan sauran ƙasashen duniya. Kamaru da Cadi muna da iyaka da su, amma ba sa cikin ECOWAS. Turawa, Indiyawa, 'yan Sin, 'yan Koriya, duk suna nan. Waɗannan hanyarsu ta fi tsawo, zan bayyana ta yanzu.

Na huɗu, 'yan gudun hijira. Wanda yaƙi ya koro ba a tambayarsa biza, amma yana bukatar rajista da hukumar 'yan gudun hijira ta ƙasa da ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Mu ma mun ɗanɗana wannan. Tun 2019 dubban mutanen Zamfara, Sakkwato da Katsina suka tsallaka jihar Maradi saboda 'yan bindiga. Waɗanda suka yi rajista su ne suka fi samun abinci, da magani, da gurbin makaranta ga 'ya'yansu.

Idan makarantarmu za ta ɗauki malami daga ƙetare

Wani lokaci ikilisiya takan samu wanda yake son zuwa ya koyar a makarantar firamare, ko makarantar Littafi Mai Tsarki, ko ya horar da ma'aikatan ɗakin shan magani. Dokar Shige da Fice ta 2015 ta ce ba a ɗaukar baƙo aiki sai da izini. Laifin yana kan baƙon, yana kuma kan wanda ya ɗauke shi. Ga matakan, idan ba ɗan ECOWAS ba ne:

1. Mai ɗaukar aikin ya zama ƙungiya mai rajista. Ikilisiyar ƙauye ba ta yin wannan ita kaɗai. A bi ta hedikwatar ɗariƙa, wadda take da rajistar amintattu.

2. Hedikwata ta nemi gurbin ɗaukar baƙi daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Gurbin na aiki ne takamaimai, misali malamin kimiyya. Ana kuma bukatar a sa 'yan ƙasa su koyi aikin a hannun baƙon, domin su gaje shi.

3. A rubuta masa takardar ɗaukar aiki, shi kuma ya rubuta ta amincewa. Mai ɗaukar aikin ya rubuta cewa ya ɗauki nauyinsa a gaban Hukumar Shige da Fice. Ma'anar wannan ita ce, idan aka ce ya koma gida, kuɗin jirgi yana wuyanku.

4. Ya nemi bizar aiki, wadda aka fi sani da STR, a ofishin jakadancin Nijeriya na ƙasar da yake zaune. Da ya shigo, yana da kwana 90 a daidaita zamansa.

5. A nema masa katin zama da aiki mai suna CERPAC. Katin yana da ranar ƙarewa, sabunta shi kuma ana farawa tun kafin ranar.

Idan aikin na 'yan makonni ne, kamar horar da malamai ko gyaran famfon rijiyar burtsatse, akwai izinin aiki na ɗan lokaci da ake kira TWP. Bizar yawon buɗe ido ko ta ziyara ba ta halatta aiki. Kada a ce ai ba albashi ake ba shi ba, sadaukarwa ce. Wanda yake tsayawa gaban allo kullum yana aiki ne. A tambayi hukuma irin bizar da ta dace da shi tun kafin ya taso.

A watan Mayun 2025 gwamnati ta mayar da yawancin waɗannan ayyuka kan intanet, ta kuma sanar da tarar dala 15 a kan kowace rana ɗaya da baƙo ya ƙara bayan bizarsa ta ƙare. Ku yi lissafi. Wata biyu na mantuwa dala 900 ke nan. Wace ikilisiya a cikinmu take da wannan kuɗi a asusu?

Bayan takardun zama akwai na sana'a. Majalisar rajistar malamai ta ƙasa, wato TRCN, an kafa ta a 1993, kuma doka ta ce mai koyarwa ya yi rajista da ita. Satifiket ɗin da aka samo a ƙetare ana kai shi Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a auna shi, a faɗi matsayinsa a nan. Idan da Faransanci aka rubuta shi, sai an fassara. Ma'aikaciyar jinya da unguwarzoma suna da tasu majalisar.

Takardun zaman yau da kullum

Samun izinin zama mafarin hanya ne. Baƙo zai ci abinci, zai kira gida, zai karɓi albashi, watakila matarsa ta haihu a nan. Kowanne yana da takardarsa.

Rajistar baƙi. A watan Yulin 2019 aka ƙaddamar da rajistar baƙi ta kwamfuta ga duk wanda zai zauna fiye da kwana 90. Hedikwatar Hukumar Shige da Fice ta jiharmu tana Gusau. Mai masauki ya raka baƙonsa, domin baƙo ko da idonsa makaho ne.

Lambar NIN. Tun ƙarshen 2020 aka ce a haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa. Baƙon da yake zaune bisa doka yana iya samun tasa lambar. Ina roƙonku, kada ku yi wa kowa rajistar layi da sunanku, baƙo ne ko ɗan gida. A yankin da ake neman kuɗin fansa ta waya, layin da yake da sunanka kai ne za a nema.

Asusun banki. Banki zai tambayi fasfo, da katin zama, da lambar BVN. Idan baƙon bai samu asusu ba tukuna, a biya shi a hannu, ya sa hannu a littafin albashi kowane wata, a gaban shaida.

Haraji. Mai albashi a Nijeriya yana biyan haraji, ɗan ƙasa ne ko baƙo. Makaranta ce take cirewa ta kai wa hukumar haraji ta jiha. A karɓi rasit a ajiye.

Gidan haya. Ko da gidan dattijon ikilisiya ne, a rubuta: nawa ne, na wata nawa, wa zai gyara rufi. Shafi ɗaya ya isa. Yarjejeniyar baki tana mutuwa tare da wanda ya yi ta.

Katin rawaya. Shi ne shaidar allurar rigakafin shawara. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai, amma katin ne shaida, kuma ana tambayarsa a kan iyaka.

Haihuwa. Doka ta ce a yi wa yaro rajista a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa cikin kwana 60. Katin baftisma da katin asibiti suna da amfani, amma ba su maye gurbin takardar haihuwa ba. A kuma san cewa haihuwa a Nijeriya ita kaɗai ba ta mayar da yaro ɗan ƙasa. Tsarin Mulkin 1999 yana duba iyaye da kakanni. Idan uwa da uba duk baƙi ne, su kai sunan yaron ofishin jakadancin ƙasarsu ma, don kada ya tashi ba shi da ƙasa ko ɗaya.

Aure. Auren da ofisoshin jakadanci suka fi karɓa shi ne wanda aka ɗaura bisa Dokar Aure: a ba da sanarwa a ofishin rajista, a jira kwana 21, a ɗaura a ofishin ko a majami'ar da take da lasisi. Fastoci, ku bincika ko majami'arku tana da wannan lasisi. Baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya tana iya neman zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista. Baƙon da ya auri 'yarmu bai samu wannan sauƙin ba. Iyaye su san haka tun kafin a sa rana.

Sarakunan gari. Wannan ba a rubuce yake a fom ba, amma kada a tsallake shi. A kai baƙo ya gai da mai gari da hakimi, a sanar da 'yan sanda. A halin da muke ciki, fuskar da ba a sani ba abin zargi ce. Gabatarwa ta awa ɗaya tana iya ceton rai.

Baƙi a ramin zinare

Zinaren Anka da Bukkuyum yana jawo mutane daga Nijar, Mali, Burkina Faso, har da Sin. A watan Afrilun 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara, ta ba baƙin da suke wuraren haƙa awa 48 su tashi. An ɗage hanin a watan Disamban 2024. Ɗage hani bai ɗage doka ba. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta ce abin da yake ƙarƙashin ƙasa yana hannun Gwamnatin Tarayya, kuma lasisi daga ofishin rajistar ma'adinai yake fitowa. Mai gona ba shi da ikon ba da izinin haƙa. Idan baƙo ya zo da kuɗi yana neman gonarka ko ɗaki a gidanka don wannan aiki, ka tambaye shi takarda biyu: ta zama da ta haƙa. Idan babu, ka ba shi haƙuri. Kuma ko da akwai, dutse ba ya shiga gida. Mutanen Dareta sun riga sun biya kuɗin wannan darasi.

Idan ɗanmu ne zai fita koyarwa

Matasanmu masu NCE da digiri suna neman aiki, wasu suna duban ƙetare. Ba laifi ba ne. Tafiya mabuɗin ilimi. Akwai hanyoyi na gaskiya. Tun 1987 Gwamnatin Tarayya take da shirin TAC, wanda yake tura malamai, likitoci da injiniyoyi aikin shekara biyu a ƙasashen Afirka, da Karibiyan, da tsibiran Fasifik. A watan Fabrairun 2023 Ingila ta buɗe wa malaman Nijeriya na wasu darussa, kamar lissafi da kimiyya, damar neman shaidar ƙwarewar koyarwa ta can. Shaidar ba aiki ba ce, ba biza ba ce. Sai wata makaranta ta ɗauke ka, ta tsaya maka, kafin a zo maganar biza.

Ga abin da mai shirin tafiya zai tanada:

• Fasfo. Ana yi a Gusau. Daga Satumban 2025 kuɗinsa naira 100,000 ne na shekara 5, naira 200,000 na shekara 10. Ƙasashe da yawa ba sa karɓar fasfon da ya rage ƙasa da wata 6 ya ƙare.
• Satifiket da sakamakon jarrabawa daga makarantar da ya gama. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tabbatar da su, Ma'aikatar Harkokin Waje ta buga hatimi, wani lokaci ofishin jakadancin ƙasar da za shi ya ƙara nasa.
• Lasisin TRCN, da wasiƙarta mai shaida cewa ba shi da wani laifi a aikin koyarwa.
• Takardar shaidar hali daga 'yan sanda.
• Gwajin lafiya a asibitin da ƙasar ta amince da shi, da katin rawaya.
• Takardar yarjejeniyar aiki da ta faɗi albashi, da awannin aiki, da masauki, da wanda zai biya kuɗin dawowa.

Abin da ya fi ɓata wa mutanenmu tafiya shi ne bambancin suna da ranar haihuwa. A takardar firamare an rubuta Yohanna Bawa. A ta sakandare an rubuta shi da sunan Turanci. A NIN an sa sunan kaka. Wata takarda ta ce 1994, wata ta ce 1997, saboda an taɓa rage shekaru don neman aiki. A ƙauye duk mun san mutum ɗaya ne. Ma'aikacin ofishin jakadanci kuwa mutum uku yake gani. Gyaran yana cin lokaci da kuɗi: rantsuwa a kotu, sanarwa a jarida, zirga-zirga zuwa ofisoshi. Iyaye, maganin yana hannunku. Sunan da aka rubuta a takardar haihuwa, shi za a rubuta ranar shiga aji ɗaya, harafi da harafi.

Idan an isa can, a yi rajista da ofishin jakadancin Nijeriya. A san ranar ƙarewar izinin zama. A ƙasashen Larabawa izinin zama yakan rataya ga wanda ya ɗauke ka aiki, barin aikin ba bisa ƙa'ida ba yana iya mayar da kai mai laifi. Wanda kuma ya tafi ziyarar Urushalima, bizarsa ta ziyara ce. Idan ya ɓuya don neman aiki, ya jefa kansa cikin zaman ɓoye, ya jawo wa wanda ya tsaya masa wahala, ya kuma ƙuntata hanya ga masu zuwa baya.

Yadda za a gane dillalin ƙarya

Duk inda ake neman takarda, akwai mai jira ya ci da guminka. Ga alamunsa:

• Yana cewa ka biya kuɗi mai yawa kafin ka ga takardar ɗaukar aiki.
• Yana cewa ka shiga da bizar ziyara, za a gyara a can.
• Yana cewa a bi ta Agadas da hamada, ba sai da fasfo ba.
• Yana son ya riƙe fasfonka, ko ya ce mai gidan can ne zai riƙe.
• Yana hana ka gaya wa iyaye ko fasto.
• Kuɗin yana shiga asusun mutum, babu rasit na gwamnati.

Kamfanin da yake tura ma'aikata ƙetare dole ya kasance da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Ku ce a nuna maku. Idan abin ya yi kama da safarar mutane, hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003, aikinta ke nan. Mun ga iyalan da suka sayar da shanun noma don biza, aka kawo masu takardar da aka buga a shagon kwamfuta. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Zuwa da kai kuma ya fi aike: ofishin gwamnati a buɗe yake, tambaya kyauta ce.

Ajiye takardu

A yankinmu akwai gara, akwai ruwan sama, akwai gobara, akwai kuma gudu da tsakar dare. Mutane da yawa da suka bar ƙauyukansu sun rasa satifiket ɗin da suka yi shekaru suna wahala a kai. Saboda haka:

• A sa takardu na asali cikin leda mai kauri, a sa ledar cikin gwangwani mai murfi, a wurin da hannu zai kai cikin duhu.
• A yi kwafi biyu. Ɗaya a wurin ɗan'uwa a wani gari, kamar Gusau ko Zuru.
• A ɗauki hoton kowace takarda da waya, a tura wa amintaccen mutum.
• A rubuta lambobin fasfo, NIN da satifiket a littafi daban.
• Idan takarda ta ɓata ko ta ƙone, a kai rahoto wurin 'yan sanda, a yi rantsuwa a kotu tun abin yana sabo.

Abin da kowace ikilisiya za ta iya yi

Ba sai da kuɗi ba. A zaɓi mutum biyu masu karatu da riƙon amana, mace da namiji. Su buɗe littafi. Duk baƙon da yake aiki a makarantarmu ko ɗakin shan maganinmu, a rubuta irin takardarsa da ranar ƙarewarta, a tuna masa saura wata uku. Littafin ya zauna a kulle, domin asirin mutane ne. Su taimaki iyaye su yi wa jarirai rajista. Duk matashin da aka yi wa tayin aiki a ƙetare, ya kawo takardun a duba tare kafin a sayar da ko akuya.

Idan muka tarar akwai malami a cikinmu da takardunsa suka ƙare, kada mu ɓoye shi, kada kuma mu kore shi da dare. Mu sanar da hedikwata, mu raka shi ofis, a nemi hanyar gyara. Yawan jinkiri yawan tara. Wanda ya bar ƙasarsa ya zo yana koya wa 'ya'yanmu karatu ya cancanci mu tsaya masa har a ofis.

Tambayoyi don tattaunawa a ƙungiyoyi

1. Baƙi 'yan wace ƙasa suke zaune ko aiki a ƙauyenmu? Wa ya san halin takardunsu?
2. Yara nawa ne a ikilisiyarmu ba su da takardar haihuwa? Me ya hana?
3. Idan aka ce mu tashi cikin daren nan, takardun gidanmu suna wuri ɗaya?
4. Wa matashi zai tambaya a cikinmu idan dillali ya zo masa da maganar aiki a ƙetare?

Ina roƙon kowane wakili ya kai waɗannan tambayoyi gida, a tattauna a taron dattawa, da zumuntar mata, da ta matasa, a kawo mana amsa a taro na gaba. Wanda ya zo da takardar da yake son a duba masa, muna nan bayan an tashi.

 Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya kai kowa gida lafiya.